Wai da gaske doki a kan farce ɗaya yake tsaye?

Ɗan Sarkin Fawa: Assalamu alaikum jama'ar gida. Musu ne ya kaure a rumfarmu yau har ciniki ya so ya tsaya. Wani ɗalibi da ke zuwa karɓar ƙashi don karatunsu ya ce wai kofaton doki farce ne, farcen yatsa ɗaya tal, saniya kuma wai yatsu huɗu gare ta a kowace ƙafa. Na ce yaro, tun ba a haife ka ba nake babbake ƙafar sa, biyu na sani. Bai tsaya nan ba, ya ce abin da muke kira gwiwar doki ma ba gwiwa ba ce. Likita, in kana kusa zo ka raba mu.

Shamaki: Wa alaikumus salam. Farce kuma? A ce ingarma ya ɗauki ƙato da sirdi da lifidi ya yi sukuwa a kan farce? Yaran nan boko na neman juya musu kai.

Maman Ilham: Ni dai na shimfiɗa tabarma, a ci gaba.

Likitan Dabbobi: Sarkin Fawa, ranka ya daɗe, yaron bai yi ƙarya ba, kuma shaidar tana kan teburinka. Gobe in ka ɗauki ƙafar sa, juya bayanta. Waɗannan 'yan ƙananan kofatai biyu da ke rataye sama kaɗan, waɗanda ba sa taɓa ƙasa sai an shiga taɓo, yatsu ne. Haɗa da manyan biyu na ƙasa, huɗu ke nan. Sannan ka kankare dogon ƙashin da ke samansu. Za ka ga wata tsaga ta bi tsakiyarsa daga sama zuwa ƙasa, ƙarshensa kuma ya rabu kai biyu, kowane kai da yatsansa. Ƙasusuwa biyu ne suka manne suka zama ɗaya. In ka ƙirga yatsun hannunka daga babba, saniya tana tafiya a kan na 3 da na 4, na 2 da na 5 su ne 'yan ƙananan nan na baya, babban yatsa kuwa babu shi sam. Akuya da tunkiya da barewa duk haka suke.

Na doki ya fi sauƙin nunawa. Lanƙwashe yatsunka ka bar na tsakiya, ka kafa bakin farcensa a kan tebur. Haka doki yake tsaye. Gaɓoɓi uku na yatsan nan su ne ƙasusuwa uku na can ƙasan ƙafarsa, na ƙarshen yana ɓoye cikin kofato. Ƙashin bayan hannunka da ya biyo yatsan shi ne dogon ƙashin da kuke kira ƙwaurinsa. Wuyan hannunka shi ne abin da kuke kira gwiwa. Gwiwar hannunsa ta ainihi tana can sama, manne da ƙirji, kusa da inda ake ɗaura majanyi. A ƙafar baya kuma, gaɓar nan da ta turo baya, dunduniyarsa ce a ɗage sama. Gwiwar tana sama kusa da ciki.

Ɗan Sarkin Fawa: Tsagar nan na san ta. Kullum ina ganinta in an fasa ƙashi za a cire ɓargo, ban taɓa tambayar dalilinta ba.

Shamaki: Likita, da girmanka, amma ban gamsu ba. Farcena in na yanke ba na jin komai. Kofato kuwa in mai gyara ya zurfafa wuƙa sai jini, doki ya yi ta ɗingishi. Abu mai jini ai ba farce ba ne.

Likitan Dabbobi: Baba Shamaki, kai ma in aka zurfafa maka aska ta wuce farin bakin farce, ai jini za ka gani, har da salati. Ɓawon waje na kofato matacce ne, ba jini ba jijiya, shi ya sa ake buga ƙusa a cikinsa a sa wa doki takalmin ƙarfe bai ji ba. Sinadarin da aka gina shi da shi sunansa keratin, shi ne a farcenka, shi ne a gashin kanka, shi ne a ɓawon ƙahon sa da gashin kaza da bakin tsuntsu. Ƙahon karkanda ma da ake kashe dabbar dominsa, keratin ne zalla, ba ƙashi a ciki. Abin da ke ƙarƙashin ɓawon shi ne mai rai.

Amma tambayarka ta farko tana da ma'ana: ta yaya farce zai ɗauki wannan nauyi? Sirrin yana wurin da ɓawon ya kama ƙashi. Cikin bangon kofato ba sumul yake ba, ɗaruruwan siraran ganyayyaki ne a jere daga sama zuwa ƙasa, naman da ke lulluɓe da ƙashin shi ma yana da irinsu, sun shiga juna kamar ka ɗauki littafi biyu ka saƙa shafukansu ɗaya cikin ɗaya, ka ce a ja a raba. Wato ƙashin rataye yake a jikin bangon kofato, ba zaune yake a kan tafin ba. A ƙasa kuma akwai wannan nama mai tauri mai kusurwa uku a tsakiyar tafin, da wani kitse a samansa, su ke shanye dukan ƙasa, kuma duk takun da doki ya yi suna taimakawa wajen tura jini ya koma sama. Shi ya sa dokin da aka ɗaure a turke ba motsi ƙafarsa ke kumbura.

Shamaki: To wannan na yarda da shi, don na ga abin da ke faruwa in wurin ya lalace. Bari in faɗa wa matasan da ke sayen doki yanzu don hawan salla. Sai yaro ya ga salla ta matso, yana son dokinsa ya yi ƙiba ya yi sheƙi, ya dinga zuba masa dawa da gero ba awo, ciyawa kuwa kaɗan. Ko kuma doki ya kwance da dare ya faɗa wa buhun hatsi. Kwana ɗaya biyu sai ka ga ya miƙa ƙafafun gaba can gaba, ya jingina nauyinsa baya, ya ƙi takawa. Ka taɓa kofato ka ji zafi rau. Mutane su ce sammu ne, ko an yi masa baki. Ba kowa ya yi masa, ubangidansa ne.

Likitan Dabbobi: Daidai, Baba. Hatsin da ya yi yawa yana wucewa babban hanji bai narke ba, ya yi tsami a can, gubar da ta fito ta shiga jini, ganyayyakin nan da na faɗa su kumbura su fara sakin juna. In abin ya yi tsanani ƙashin yakan juya, bakinsa ya dubi ƙasa, wani lokaci har ya huda tafin. Kuma ƙafafun gaba ya fi kamawa, don su ke ɗauke da wajen kashi 60 cikin 100 na nauyin doki. Wanda ya ga haka ya janye hatsi nan take, ya tsayar da ƙafafun cikin ruwa mai sanyi sosai, ya sa dokin a kan yashi mai laushi, ya nemi likita, kada ya ce zai zagaya da shi don jini ya sake. Ko ya warke sai an yi haƙuri, don kofato milimita 6 zuwa 10 yake tsirowa a wata, kafin sabo ya sauko daga gindin gashi zuwa ƙasa ana cin kusan shekara.

Ɗalibar Kimiyya: Likita ka bar abu ɗaya. A gefe da gefen dogon ƙashin doki akwai wasu siraran ƙasusuwa biyu da suka sauko suka ƙare a hanya ba su kai ƙasa ba. Ragowar yatsa na 2 da na 4 ne. An haƙo ƙasusuwan wata dabba a Amurka ta Arewa da Turai, ta kusan shekara miliyan 55 da suka wuce, girmanta bai wuce na kare ba, yatsu huɗu a gaba uku a baya, kuma masana suna lissafa ta a dangin doki na farko. Waɗanda suka biyo bayanta uku-uku gare su, na tsakiya yana ƙara girma na gefe suna ƙanƙancewa.

Malam Na Zaure: 'Yata, shekara miliyan 55 wa ya zauna ya ƙirga?

Ɗalibar Kimiyya: Allah ya gafarta Malam, da duwatsun ake aunawa. Tokar aman wuta da ke sama da ƙasan ƙashin tana da sinadaran da ke rikiɗewa a hankali da saurin da aka sani, sai a auna nawa ya rikiɗe.

Mai Kula da Zaure: Don Allah kada mu koma waccan muhawarar, mun san inda ta kai mu. A tsaya kan ƙafa da farce.

Likitan Dabbobi: Siraran ƙasusuwan dai suna nan, kowa na iya shafawa ya ji. Kuma jefi-jefi akan haifi ɗan doki da ƙarin ɗan yatsa a gefe, da ɗan kofatonsa.

Ɗan Agadas: Kun cika zancen doki. Raƙumi fa? Shi ba shi da kofato ko kaɗan. Yatsu biyu ne, a ƙasansu faffaɗan tafi guda mai laushi ya haɗe su, a bakin kowane yatsa ɗan farce a sama, ba ya ma ɗaukar nauyi. In ya taka, tafin ya baje, in ya ɗaga ya tattare. Da wannan ayarin gishiri ke ratsa Tenere daga wajenmu zuwa Bilma, inda doki zai nutse har ƙwauri. Amma ku kai shi ƙasar laka da damina ku ga abin tausayi, santsi kawai, yana iya tsagewa. Tsakuwa mai kaifi ma tana cin tafin.

Malam Na Zaure: Ɗan Agadas ka tuna mini. A Suratul An'am, aya ta 146, Allah ya ambaci cewa ya haramta wa Yahudawa duk mai akaifa, kuma an ruwaito daga Ibn Abbas cewa raƙumi da jimina da makamantansu ake nufi, wato waɗanda ƙafarsu ba ta rabe ba. Kun ga magabata sun lura da ƙafar raƙumi sarai, ba su sa shi layi ɗaya da saniya ba.

Bulus Na Jos: Malam, haka yake a wajenmu ma, a Littafin Firistoci sura 11. Sharaɗi biyu aka ba Isra'ilawa: dabba ta kasance tana tuƙa, kuma kofatonta a rabe. Raƙumi yana tuƙa amma ƙafar ba ta cika sharaɗi ba, alade kuma kofato a rabe amma ba ya tuƙa. Duka biyu aka hana su.

Ɗan Agadas: Jimina kuwa ita kaɗai ce tsuntsuwa mai yatsu biyu. Babban na ciki shi ke da farce mai kauri, ƙaramin na waje don daidaita tsayuwa ne. Tana kai kilomita 70 a awa, kuma gaba take harbi ba baya ba. Wanda ya san ta ba ya tsaya mata a gaba.

Likitan Dabbobi: Ku lura da abin da ya haɗa doki da jimina da barewa. Duk mai gudun dogon zango a fili, yatsunsa kaɗan ne, ƙasan ƙafarsa siriri mara nauyi, naman yana can sama a cinya, agara ce kawai ta sauko. Masu nauyi kuwa ba su rage da yawa ba: karkanda uku, dorina huɗu, giwa biyar cif a cikin ƙashi, ko da yake faratan da ake gani a giwar dajinmu irin ta Yankari yawanci huɗu ne a gaba uku a baya. Ita ma a kan yatsu take tsaye, dunduniyar tana sama a kan tulin kitse. A 2011 wani masani, John Hutchinson, da abokan aikinsa a Ingila sun nuna cewa cikin kitsen nan akwai wani tsinken guringuntsi da ke zama ƙashi in giwa ta manyanta, yana aiki tamkar yatsa na shida.

Sarkin Baka: Tunda an shigo daji bari in sa baki. Mu sawu muke karantawa. In ka ga sawu mai yatsu huɗu da ɗigon farce a gaban kowane yatsa, kare ne ko dila ko kura. In yatsu huɗu ne ba alamar farce, to ka nutsu, dangin kyanwa ne, girman sawun zai gaya maka ko damisa ce ko babban, wato zaki. Sannan ka dubi bayan tafin: na zaki da damisa kunne uku gare shi, na kura biyu. Kura kuma sawun gabanta ya fi na baya girma sosai. Abin da ban sani ba, ina damisa ke kai faratan in tana tafiya?

Likitan Dabbobi: Sarkin Baka, kama kyanwar gida ka matsa tafin hannunta a hankali, za ka ga sun fito. Farcen a jikin ƙashin ƙarshe na yatsa yake. Akwai wata 'yar igiyar nama mai talewa da ke jan ƙashin nan sama da baya, ya kwanta a gefen ƙashin da ke biye da shi, wanda dama a karkace yake don ya ba shi wuri. Wato zaman hutu shi ne a ɓoye, ba ta yin wani aiki don ta ɓoye su. Fitar da su ne aiki: sai ta ja agarar ƙasa. Shi ya sa ba sa gogar ƙasa, kullum da kaifi. Yaƙushin da take yi wa icce ko kujera kuwa tsohon ɓawon farce take cirewa sabo ya fito. Yatsunta 18 ne, biyar-biyar a gaba, huɗu-huɗu a baya. Na biyar ɗin yana sama a gefen ciki, ba ya taka ƙasa, shi ya sa ba ka ganinsa a sawu, amma da shi zaki ke maƙale wa ɓauna.

Hajiya Ta Amurka: Likita, a nan ƙasar da can mutane sukan kai kyanwa asibiti a cire mata farata gaba ɗaya saboda kujeru. Na ɗauka yankan farce ne kawai.

Likitan Dabbobi: Hajiya, ba yankan farce ba ne. Tunda daga ƙashin yake tsirowa, sai an guntule gaɓar ƙarshe ta kowane yatsa. Jihar New York ta haramta shi a 2019, ƙasashen Turai da dama sun riga ta.

Ustaz Matashi: Ga tambaya ga Malam. Hadisi ya tabbata a Sahihu Muslim cewa an hana cin duk mai fiƙa daga namun daji da duk mai akaifa daga tsuntsaye. To kaza fa, ba ga farata nan gare ta ba?

Malam Na Zaure: Malamai sun ce wanda ke farauta da akaifarsa ake nufi, irin shaho da shirwa da mikiya. Kaza tono take yi da nata. Kuma ka sani a mazhabar Malikiyya, Risala ta ce babu laifi a ci tsuntsaye masu farauta. Jumhuru ne suka hana.

Ustaz Matashi: Allah ya gafarta Malam, in hadisi ya inganta ai magana ta ƙare.

Malam Na Zaure: Ka zo zaure bayan la'asar mu buɗe littafi, nan ba wurinsa ba ne.

Ɗan Sarkin Fawa: Muna yara mukan ɗauki ƙafar kaza da aka yanke, mu ja farar agarar nan, yatsun su dunƙule, mu tsorata 'yan mata.

Likitan Dabbobi: Da ita shaho ke shaƙe ɗan tsako. Agarar tana da kaushi-kaushi da ke sarƙewa da kubenta in an matsa, sai riƙon ya zauna ba tare da tsuntsun ya gaji ba. Kaza uku gaba ɗaya baya, aku biyu gaba biyu baya don hawa da riƙe abinci, mujiya kuma tana iya juya yatsan waje gaba ko baya yadda ta so. Ungulu duk girmanta ƙafarta ba ƙarfi, faratan dakusassu, ba ta iya ɗaukar komai ta tashi. Ƙaimin zakara kuwa ba yatsa ba ne, tsiron ƙashin ƙwauri ne da ɓawon keratin a kansa.

Maman Ilham: An gama da dabbobi? Mu mutane fa? Ni abin da na lura, in na yi lalle, na yatsun hannu wata biyar shida ya fice tas, amma na babban yatsan ƙafa sai ya shekara yana nan a baki. Me ya sa?

Anti Nas: Maman Ilham, ai kin yi binciken da kanki. Lalle ba ya goguwa daga farce, tafiya yake yi da shi, farin da ke fitowa daga gindi shi ne sabon tsiro. Na hannu wajen milimita 3 yake yi a wata, na ƙafa kusan rabin haka. In farcen hannu ya fita gaba ɗaya, wata shida ya dawo, na babban yatsan ƙafa kuwa shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Wurin da ke ƙera shi yana ɓoye ƙarƙashin fatar gindin farce, farin nan mai siffar jinjirin wata shi ne ɗan abin da ya leƙo daga cikinsa. In wurin nan ya ji rauni sosai, farcen zai dinga fitowa a karkace har abada, in kuwa saman ne kawai ya fashe, zai wuce.

Ƙafar mutum ɗaya ƙashi 26 ne, 14 daga ciki na yatsu. Babban yatsa gaɓa biyu, sauran uku-uku, sai dai mutane da yawa ƙaramin yatsansu biyu ne, na ƙarshen sun haɗe. Mu da dukan tafin muke takawa har dunduniya, ba kamar kyanwa da ke kan yatsu ko doki da ke kan farce ba. Kuma duk takun da za ki yi, babban yatsa ne na ƙarshen barin ƙasa, shi ke tura jiki gaba. A ƙarƙashin gindinsa akwai wasu 'yan ƙasusuwa biyu ƙanana a cikin agara da ba a ma sa su a lissafin 26 ɗin. Na biri a ware yake gefe don kama reshe, namu ya shigo layi. Daɗaɗɗen sawun da ayarin masaniyar kayan tarihi Mary Leakey suka tono a Laetoli ta Tanzaniya a 1978 ma da wannan aka gane na mai tafiya da ƙafa biyu ne.

Bulus Na Jos: Farin ɗigon da ke fitowa a farce fa? Da nake Legas yaran Yarabawa in sun ga balbela ta wuce sai su ɗaga hannu suna roƙonta ta ba su.

Anti Nas: Balbela ba ta da hannu a ciki, kuma ba ƙarancin sinadarin ƙashi ba ne kamar yadda ake yaɗawa. Ɗan bugu ne gindin farcen ya samu makonni da suka wuce, an manta. Waɗanda muke dubawa a asibiti daban ne. Farce ya lotsa tsakiya har ya iya riƙe ɗigon ruwa, muna zargin ƙarancin jini. Kan yatsu ya kumbura farce ya lanƙwaso ya rufe shi, a duba huhu da zuciya. Tsagi a kwance a dukan farata lokaci ɗaya, mutum ya yi wata babbar jinya ne tsiron ya tsaya na ɗan lokaci. Baƙin layi a tsaye kuwa, mu baƙaƙen fata da yawanmu muna da shi, ba komai. Amma in a yatsa ɗaya ne, yana faɗi, baƙin ya haura fatar gindi, a je a nuna. Bob Marley a 1977 aka gano masa kansar fata a ƙarƙashin farcen yatsan ƙafa, an fara ɗaukarsa ciwon ƙwallo ne, ita ta kashe shi a 1981 yana da shekara 36.

Maman Ilham: Innalillahi. To cindo fa, Anti? Jaririyar maƙwabciyata da shi aka haife ta, kakar ta ce a ɗaure da zare ya faɗi.

Anti Nas: Ya fi yawa a cikinmu 'yan Afirka, kuma yana bin gida. Yawanci ɗan nama ne rataye a gefen ƙaramin yatsa, amma wani da ƙashi a ciki, wani har da jijiya, in an ɗaure ya bar ɗan kututture mai zafi. A bari ma'aikacin lafiya ya duba tukuna.

Ustaz Matashi: Ance farcen mamaci yana ci gaba da tsiro.

Anti Nas: Fata ce ke bushewa ta ja baya, sai farcen ya zama kamar ya ƙaru.

Mai Yankan Farce: Salamu alaikum. Ni sana'ata ke nan, almakashi da 'yar wuƙa da ruwan kumfa, kasuwa-kasuwa. Na ji ana cewa ma'aikatan asibiti suna hana mutane zuwa wurinmu. Anti, me muka yi? Annabi ya sa yanke farce cikin fiɗira, an ce kada a wuce kwana 40. Dattijon da cikinsa ya hana shi sunkuyawa wa zai yanke masa in ba mu ba?

Anti Nas: Malam, ba sana'arka nake ƙi ba, abu biyu ne. Na ɗaya, kwanar nan da kuke shiga da wuƙa a gefen babban yatsa kuna ƙwaƙulo ta. Fatar gefen tana rufe gurbin, farcen in ya taso ba hanya sai ya soki nama, ga kumburi ga ruwa. Na ƙafa a miƙe ake yanke shi, a bar kusurwoyin suna leƙowa, a goge kaifin kawai.

Mai Yankan Farce: Anti, su ke cewa a shiga. In ban ƙwaƙule ba mutum ya ce ban iya aiki ba, ya tafi wurin wani. Kuma wanda farcen ya riga ya shige masa nama, in na cire tsinin nan take yake samun sauƙi, har addu'a yake mini.

Anti Nas: Sauƙin wata biyu, ya dawo ya fi na da. Shi ya sa kake ganinsa kullum. Wanda abin ya zame masa jiki, akwai ɗan aikin da ake yi a cire siririn gefen a kashe tushensa, ya huta. Na biyu kuma ya fi wannan: wuƙa ɗaya, mutum ashirin. Ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya kwana bakwai da ranta a busasshen jinin da ido ba ya gani, ruwan kumfa ba ya kashe ta. Farcen nan mai kauri mai ruɓewa da kake kankarewa, dangin ƙwayar makero ce, ita ma tana bin wuƙa. Mai ciwon suga kuwa don Allah kada ka sa masa wuƙa ko kaɗan. Ƙafarsa ba ta jin zafi sosai, jini ba ya isa yatsun yadda ya kamata, ɗan yankan da ba ka ɗauka komai ba shi ke zama gyambo. Mun ga ƙafafun da aka yanke daga nan.

Shamaki: Mai gyaran kofato ma in ya gama da doki mai ruɓar tafi ba ma barinsa ya taɓa na kusa sai ya sa wuƙar a wuta.

Mai Yankan Farce: To wa zai gaya mini mai suga ne? Ba a rubuce yake a goshi ba.

Anti Nas: Ka tambaya kafin ka kama ƙafar. Kuma ka ce kowa ya sayi almakashinsa da rezarsa ya ajiye a shago, in ka zo ya miƙo maka.

Mai Yankan Farce: Tambaya zan dinga yi, wannan ba wuya. Na kayan aiki ma akwai Alhazan da dama haka suke yi, zan faɗa wa sauran. Amma maganar kwana, Anti, sai dai ki zo kasuwa da kanki ki gaya musu, ni in na faɗa cewa za su yi ƙyuya ce.